Inna da Limamin Dutse

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma. Inna, mahaifiyar maigidana, ta riga mu ranar wata Laraba da hantsi, a nan Jidda, aka yi mata salla bayan la'asar.

Kwana uku gidanmu na unguwar Bani Malik bai ɗauki jama'a ba. Mata sun cika falo har kan matakala, ana zagayawa da gahawa da dabino. Tsohuwar ƙawarta, wadda suka yi shekaru suna sayar da gyaɗa da ƙuliƙuli a bakin kasuwa, tana shigowa ta zauna a ƙasa ta ce, "To ni yanzu wa zan yi wa tsiya?" Maƙwabciyarmu 'yar Nijar ta ce a hannun Inna ta haifi ɗanta na fari, lokacin ba ta da iƙama, takardar izinin zama, balle ta nufi asibiti. Jikokinta haifaffun nan kuwa Hausarsu ba ta kai ta kuka ba, sai suka yi da Larabci, suna "Sitti, Sitti", yadda suke kiran kaka. Har mai sharar layinmu ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar maigidana ina mama mai ruwa.

A rana ta biyu ina miƙa gahawa na ji wata ta sunkuya ga ta kusa da ita ta ce, "Ashe Baturiyar ta tafi." Ɗayar ta ce, "Wai da gaske ne kakanta limamin coci ne?" Ba su san ina bayansu ba. Na dai cika musu kofi. Amma tun ranar na ƙudurta zan rubuta abin da na sani, don kada labarin Inna ya ƙare a raɗa.

Daga Zariya aka kawo ni gidan nan, ina amarya, ban san kowa ba. Abin da na fara gani a jikin surukata shi ne idanunta, masu haske kamar ruwan shayi, da gashinta mai santsi da take rinawa da lalle. Larabawa suna ce mata baƙa, Hausawa suna ce mata Baturiya. Ita kuwa cewa take, "Duk wanda ya kira ni ina amsawa, in dai ba bashi ya zo nema ba." Ni kuma "'yar boko" take kirana, saboda na gama sakandare.

Tana da wata magana guda da kowa ya san ta da ita. In mutum ya shigo da fushi, ko da ƙara, ko da mugun labari, kafin ya buɗe baki za ta ce, "A ba shi ruwa tukuna." Ko 'ya'yanta suna faɗa haka take yi. Sai ka sha ka ajiye kofi sannan ta saurare ka, kuma sau da yawa kafin nan rabin maganar ya tafi. A ƙofar gida ta ajiye kula ta ruwan sanyi da kofi ɗaure da igiya, don masu shara da masu kawo gas. Da safe fulu da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, take ci kamar kowa a garin nan, amma ranar Juma'a in ba tuwo da miyar kuka, ranar ba a yi abinci ba ke nan.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Zariya takarduna suna hannun masu sabuntawa, ban samu tafiya ba. Inna ta kwashe shimfiɗarta ta dawo ɗakina kwana bakwai. Ba ta yi mini wa'azi ba. Kitso ta yi mini, ta ce, "Faɗa mini yadda take dariya." Na faɗa. Ta ce, "To ke kin san abin da kika rasa. Wannan ma arziki ne." A lokacin ban gane da wa take ba.

Bayan arba'in ɗin nan ne ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ciro wani tsohon gwangwanin alewa, ciki akwai carbin mahaifiyarta da wani kati mai hoto da gefensa ya cinye. A hoton, mutum ne na dutse a kan dandamali, da doguwar riga har ƙasa, hannu ɗaya a miƙe, ɗayan riƙe da gicciye.

"'Yar boko, karanta mini," in ji ta. "Yaran nan nawa Larabci kawai suka iya."

A nan na ji asalinta. A wajen Jos aka haife ta, zamanin haƙar kuza. Mahaifiyarta 'yar wani ƙauye ce a kan dutse, a lokacin ba ta musulunta ba, aka aurar da ita bisa al'adar mutanenta ga wani Bature mai duba ma'aikata. Inna tana goye ciwon ƙirji ya kama shi aka mayar da shi ƙasarsu. Ranar tafiya ya ba matar katin nan ya ce ga garinsu, mutumin dutsen nan kuma jininsa ne, limami ne da ya ƙi mulkin Ingila ya ja jama'arsa suka yi tawaye, aka kama shi aka rataye. In yarinyar ta girma a nuna mata. Sannan ya kwance 'yar tsakiyar duwatsun ado da ke hannun jaririyar ya sa a aljihu. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Daga baya uwar ta musulunta ta auri wani Bahaushe, shi ya taso da su ta Sudan da niyyar hajji, suka yi shekara da shekaru a hanya, suka ƙare a Jidda. Shi Inna take kira Baba, sunansa ne a duk takardunta, kuma ban taɓa jin ta faɗe shi da komai ba sai alheri.

Na karanta mata abin da ya karantu. Sunan garin yana nan, da sunan ƙasar, Ayalan. A baya akwai sa hannun mahaifinta ya koɗe, amma sunan gidansu ɗaya ne da wanda aka sassaƙa a ƙasan dutsen.

"Kin gani ko," ta ce. "Kakanmu ne. Ni jikar liman ce, kuma liman wanda bai sunkuya wa Ingila ba. Su da suka ci ƙasarku, shi bai yarda ba."

Shekaru ta yi tana taƙama da wannan a cikin gida. In jika ya yi taurin kai sai ta ce jinin liman ne ya motsa.

Faɗa ɗaya na taɓa gani tsakaninta da yayan maigidana, babban ɗanta, kuma a kan katin nan ne. Yaya mutum ne mai riƙo da addini, a unguwar Safa yake da iyalinsa. Ya zo neman wata takarda ya buɗe gwangwanin, sai ga shi a falo katin a hannunsa.

"Ummi, gunki ne wannan. Gunki da gicciye, a ɗakin da kike salla, tare da carbi?"

"A ba shi ruwa tukuna," in ji Inna.

Na kawo, bai karɓa ba. Ya ce a ƙona shi, halas, wato shi ke nan, a huta. Ya ce mutumin da ya tafi ya bar jaririya a goye bai cancanci a ajiye ko takalminsa ba. Ya ce mutane suna magana, kuma 'ya'yansa mata sun kusa aure.

Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Na tambayi malami tun kafin a haife ka. Ya ce ba a roƙa wa wanda ya mutu ba musulmi ba gafara, kuma ban taɓa roƙa ba, na san iyakata. Ban yi wa dutse sujada ba. Amma kai ka san fuskar ubanka, ka san kabarin da aka sa shi, kai ka ɗauki makararsa. Ni wannan ne kawai nawa."

Yaya ya ajiye katin ya fita. Da yamma ta naɗe shi a farin ƙyalle ta miƙo mini. "Maganarsa ta ɗakin salla gaskiya ce. Ki ajiye a wurinki, ki kifa shi." Wata biyu ba su gaisa da sakin fuska ba, sai azumi ya shirya su.

Da ƙafa ta hana ta fita kasuwa, zama ya yi yawa, sai zancen ya dawo. Wata rana ta ga ina magana da ƙanwata ta waya muna ganin juna, ta ce, "Abin nan naku da yake kai wa Zariya, ba ya kai wa garin liman?" Ta ce ba komai take so ba, ta dai san ko akwai wanda ya rage a gidansu mahaifinta, kuma ko sun san da ita.

Na rubuta sunan garin a waya, sai ga dutsen, shi ɗin dai, yanzu da furanni a gindinsa da motoci suna wucewa. Na karanta tarihinsa da Turancina da ya yi tsatsa. Tawayen gaskiya ne, ratayar ma gaskiya ce, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Amma na ci karo da abin da bai taɓa zuwa raina ba. Irin limamansu, waɗanda a gida muke cewa fada, ba sa aure. Ba mata, ba ɗa, ba jika. Mu a wurinmu liman shi ne mai gida cike da iyali, shi ya sa uwarta da ta ji "jinina ne" ta ɗauka kaka ne, Inna ta gada, ni ma na karɓa ban tambaya ba.

Na yi mako uku ina ɓoye mata. Kullum ta tambaya in ce ana nan ana dubawa. Ƙaryar ta fara damuna a salla. Wata la'asar muna tsinkar lalo a tire, na ce, "Inna, akwai abin da na gano, amma ku yi haƙuri da shi."

"Ki sha ruwa tukuna."

Na sha, na faɗa mata. Ta tsaya da ganye a hannu.

"Liman ba mata?"

"Ba mata, Inna. Haka dokarsu take."

"To wa yake dafa masa?"

Na ce ban sani ba. Sai ta fara dariya, har ta dafa kafaɗata. "Shekara nawa ina wa mutane taƙama da tuzuru." Ta share ido da gefen mayafi. Dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba. Can ta ce, "Ashe shi ma bai bar kowa ba, bawan Allah." Ta koma tsinkar lalo. Sai da tire ya kusa ƙarewa ta ce, ba ta dube ni ba, "To in ba kakana ba ne, ni ta ina na shiga?"

Wannan tambayar ce ta sa na yi abin da ban taɓa yi ba, na rubuta wa baƙi saƙo. A shafin da na ga tarihin akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, ita take share gindin dutsen, ita take kuma taimaka wa masu neman asalinsu. Na tura mata hoton katin gaba da baya. Bayan kwana goma ta amso. Ta duba littattafan cocinsu na haihuwa da na mutuwa. Liman yana da ƙane manomi, kuma daga tsatson ƙanen nan mahaifin Inna ya fito. Jini dai jini ne, bai yi ƙarya ba. Ya dawo daga Afirka da ciwon huhu, ya zauna a gidan ƙanwarsa, bai yi aure ba har ya mutu. 'Yar ƙanwar tasa tana raye, tsohuwa ce ita ma, kuma a hannunta takardar salsalar gidan take. Malamar ta turo hoton takardar. Kowane suna da rassa a ƙarƙashinsa. A ƙarƙashin sunan mahaifin Inna an ja layi, an rubuta babu zuriya.

Na so in tsallake wurin, amma na riga na tuba daga ɓoyo. Na karanta mata.

Inna ta dubi hannayenta, ta juya su. "Babu zuriya. Ni da 'ya'ya biyar da jikoki har na daina ƙirgawa." Ta gyara zama. "Rubuta mata ki ce ga ni."

Labari ya kai wa Yaya. Wannan karon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ummi, za su ɗauka biza muke nema, ko gado. In suka ce ba su san ki ba fa? Kin ƙara wa kanki ciwo."

"Ni da ko Harami sai an tura ni a keke, biza ta me? In sun ce ba su san ni ba, ai ba su yi ƙarya ba. Shi ya sa nake faɗa musu."

Inna da ba ta son hoto, ranar ta sa na ciro mata farin mayafinta na Idi, ta zauna a bakin taga, ta ce in ɗauka yadda idanun za su fito. Ta ce in rubuta sunan uwarta, da sunan ƙauyen, da zancen tsakiyar hannu. Ta ce in ƙara da cewa ita musulma ce, ba ta neman komai, layin nan kawai take so a gyara.

Malamar ta ce za ta kai wa tsohuwar, amma ba ta yi alkawari ba, don takardar ba tata ba ce. Daga nan shiru. Kowace safiya in na kai mata shayi sai ta ce, "Baturiyar ta yi magana?" In ce tukuna. Aka yi wata, aka shiga na biyu. Ranar da ta karɓi shayi ba ta tambaya ba, na koma kicin na yi kuka. Na ji haushin kaina. Da na bar ta da kakanta liman, da tana nan da abinta.

A wannan tsakanin numfashinta ya fara sarƙewa, aka kwantar da ita a asibiti. Ranar Litinin da azahar ina zaune gefen gadonta, Yaya yana tsaye wajen taga da carbi, waya ta yi motsi. Saƙon malamar ne, ta rubuto abin da tsohuwar ta faɗa mata. Wai ba ƙi ta yi ba, kallon hoton ta yi ta yi, don idanun na uwarta ne. Wai tana yarinya ta taɓa buɗe gwangwanin tabar kawunta ta ga wani ɗan zare da duwatsu masu launi, ƙarami, ko yatsu uku ba zai zagaye ba. Ta tambaye shi na waye, ya karɓe ya rufe. Ba ta san inda abin ya shiga ba bayan mutuwarsa. Sai kuma hoto na biyu, takardar nan ce. An soke layin da biro, an rubuta sunan Inna da hannu mai rawa, an zana rassa biyar a ƙarƙashinta an bar su fili, ana jira a turo sunaye.

Na karanta mata a hankali, ina fassarawa. Da na zo wurin zancen tsakiyar hannu ta rufe ido. Ta ce, "Ashe ya ajiye."

Sannan ta ce in nuna mata. Ba ta iya karatu ba, sai na kama yatsanta na ɗora a kan gilashin wayar.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

"A ƙarƙashinsa?"

"A ƙarƙashinsa."

Ta bar yatsan a wurin har hasken wayar ya ɗauke, na sake kunnawa. Ta ce, "Halas. Alhamdu lillahi." Ta huta kaɗan, ta ce, "Ki ce da ita 'yar'uwarta tana gaishe ta. Ta yi haƙuri ban zo ba, ƙafa ce."

Yaya bai juyo daga taga ba, amma carbin ya tsaya a hannunsa.

Kwana biyu bayan nan ta cika, da kalmar shahada a bakinta, maigidana yana riƙe da hannunta.

A nan mata ba sa bin gawa maƙabarta. Da maza suka dawo na tambayi maigidana inda aka sa ta. Ya ce can wajen katanga, an kafa ɗan dutse a kai kamar na kowa, ba suna ba rubutu. Haka addininmu ya koyar, kuma na yarda da shi. Amma na kasa daina tunanin mutumin da bai bar ɗa ko ɗaya ba, sunansa yana tsaye a tsakiyar gari ana kai masa furanni, ita kuma da ta cika gidaje da mutane, nan da 'yan shekaru ko 'ya'yanta sai sun yi ta waige kafin su ce nan ne.

Na sanar da tsohuwar ta hannun malamar. Ta amso cewa ta kunna kyandir a cocinsu.  Na rubuta mata mun gode, Inna ta so ganinki.

Ranar uku, bayan mutane sun watse ana naɗe dardumai, Yaya ya tsaya a ƙofar kicin. Tunda na zo gidan nan bai taɓa tsayawa a wurin ba. Ya yi gyaran murya.

"Takardar nan. An ce akwai fili biyar."

Na ce e, Yaya.

"Ba a tura sunayen ba?"

Na ce ina jiran izini.

 Na zuba ruwa a kofi na miƙa masa, ya karɓa ya shanye ya ajiye.

"Ki fara da nawa," ya ce. "Ni ne babba."

Katin yana nan a wurina cikin farin ƙyallensa, a kife kamar yadda ta ce. Kular ruwa ma tana nan a ƙofar gida, ni nake cikawa yanzu, kuma har yau da safe sai in zuba shayi kofi biyu kafin in tuna. Allah ka jiƙan Inna, ka yalwata mata kabarinta, ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da bayinka. Ka sada ta da mahaifiyarta da Baban da ya riƙe ta a gidan rahama. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa ta a addu'a. Amin.